Ɓeraye sun addabi sitona, ɗana yana son sayen ɗan kare

Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Aboabo, nan Kumasi. Ina saro masara da wake daga Techiman da Ejura, in haɗa da shinkafa, in sayar wa masu dafa abinci. Tun rasuwar maigidana nake ajiye kaya a wani ɗaki da ke bakin gidansu na gado, inda nake zaune da 'ya'yana a ƙarƙashin kulawar wansa, Alhaji. Bana ɓeraye sun addabe ni. Duk buhun da na ɗaga sai in tarar an huda shi, ga kashi ga zarnin fitsari, har wata mai sayar da waakye (shinkafa da wake) da ta daɗe tana saye a wurina ta dawo min da kaya. Na ɗana tarko, sun daina shiga. Kyanwar gidan kallonsu kawai take yi. Babban ɗana, wanda ya gama karatu bai samu aiki ba tukuna, ya nuna min bidiyon wasu ƙananan karnukan Turawa suna kashe ɓeraye kamar wasa. Ya samo wani a Akra mai sayar da kwikwiyon Yorkshire terrier, ya ce ko ya girma ba zai fi kyanwa ba, don haka ba zai dami kowa ba. Kuɗinsa ya kai na buhunan shinkafa da dama. Da Alhaji ya ji, sai ya ce muddin yana numfashi kare ba zai kwana a gidan mahaifinsa ba, in sayo guba in zuba kawai. Yaron ya mayar masa da magana, yanzu ko gaisuwa da ƙyar suke yi. Ni kuma tsoron gubar nake ji, gidan cike yake da ƙananan yara. Shin ɗan karen nan zai iya aikin? Ya halatta in ajiye shi? Yaya zan yi da mutanen nan biyu?

Hajiya, daga Aboabo

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Na ji nauyin da ke kanki: jari yana zurarewa ta ƙasan buhu, ɗanki da wan mijinki kuma sun sa ki a tsakiya, kowanne yana jiran ya ga inda za ki karkata. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa tun kuɗi ba su bar hannunki ba. Kada ki sayi kwikwiyon nan. Ko gobe Alhaji ya sauko ya ce ya amince, shawarata tana nan yadda take, domin karen da ɗanki ya samo ba shi zai raba ki da ɓerayen nan ba.

Yaron bai yi ƙarya ba game da asalin karnukan. A ƙarni na 19 ma'aikatan masaƙu da mahaƙar kwal na arewacin Ingila, da yawansu 'yan ci-rani daga Sukotlan, suna kiwon ƙananan karnuka masu zafin nama don kashe ɓeraye, kuma daga cikinsu aka fitar da Yorkshire terrier. Sai dai waɗancan kakannin sun fi na yau girma da kaurin ƙashi. Da masu kuɗi suka ƙyasa da su, sai kiwon ya koma neman ƙanƙanta da dogon gashi mai santsi, ana kai su gasar ado. An shafe fiye da shekara 150 ana wannan zaɓe, har ƙa'idar masu kiwonsa ta tsaya a kan kada nauyinsa ya wuce kilo 3.2. Akwai ma waɗanda ake tallatawa da cewa za su shiga kofin shayi, ba sa kai kilo 2, kuma su ne suka fi raunin ƙashi da laulayi: sukarin jini ya faɗi, ƙoƙon gwiwa ya goce, haƙora su cunkushe a ɗan bakin da bai ishe su ba.

Kare ba da zuciya kaɗai yake kashe ɓera ba. Cafke shi yake yi a wuya ko a gadon baya, ya girgiza sau ɗaya ko biyu, ƙashin baya ya karye, ya yar ya nufi na gaba. Wannan yana son ƙarfin muƙamuƙi da na wuya. Babban ɓeran kwata, mai launin ƙasa, yakan kai rabin kilo, gafiya kuwa takan haura kilo ɗaya. Idan ɗan kare mai kilo 2 ko 3 ya kama irin wannan bai gama da shi nan take ba, ɓeran juyowa yake yi ya kafa masa haƙori a leɓe ko hanci ko kusa da ido. Ba na musun cewa ana samun Yorkshire mai zuciya da zai kashe kusu, wato ƙaramin nau'in ɓeran gida, ko ɗan ɓera. Amma kasuwar da take ciyar da marayu ba za a jingina ta ga dace ba.

Idan ɗanki mai bincike ne zai kawo miki labarin Tiny, wani ɗan kare baƙi mai ratsin ja wanda nauyinsa bai wuce kilo biyu da rabi ba, ya kashe ɓeraye 200 cikin ƙasa da awa ɗaya a Landan a 1848. Labarin gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a cikin wani kewayen katako aka yi shi, na 'yan caca, inda aka juye ɓerayen ba rami ba maɓoya. Bidiyon da ya nuna miki ma, ki ce ya sake kunnawa ku kalla tare a tsanake. Da yawa daga irin waɗannan hotuna a gonakin Ingila ake ɗaukarsu, kuma karnukan da ke ciki Jack Russell ne da Patterdale da Border, masu nauyin kilo 5 zuwa 8 ko fiye. Ba ɗaya ba ne, garke ne. Ga mutane da shebur suna tona ramuka, ga mai injin hura hayaƙi, wani lokaci har da tarakta tana ɗaga tarin shara. Mutane ne suke fito da ɓeran fili, kare ya ƙarasa. A sitonki wa zai fito da shi? Yana can a tsakanin buhu da buhu, inda ko hannu ba ya shiga. Kuma ɓeran da ya fi addabar ɗakunan hatsi a garuruwanmu shi ne baƙin nan siriri mai dogon wutsiya, gwanin hawa, wanda yake kwana a silin ya sauko ta katakon rufi ko wayar lantarki. Kare zai tsaya a ƙasa yana haushi har gari ya waye.

Sannan kwikwiyo ne fa. Sai ya kai wata 6 zuwa 7 haƙoransa na girma suke kammala fitowa, kuma ba a sa ran aikin kirki daga gare shi sai ya kusa shekara, galibi bayan ya ga babban kare yana yi. Ɓera kuwa cikinta mako 3 ne, takan haifi 6 zuwa 10 a ciki ɗaya, 'ya'yan su ma su fara haihuwa a wajen wata 3. Kafin karen ya san aikinsa an yi jikoki da tattaɓa-kunne a cikin masararki. A duk tsawon lokacin nan ke ce da kuɗin allurar haukan kare da ta ciwon gudawa mai kashe 'yan kwikwiyo, da maganin kaska da tsutsar ciki, da abinci, da askin gashin da ba don zafi da laimar Kumasi aka yi shi ba. Ban ma taɓo maganar mai sayarwa ba. Kwikwiyon da aka gani a hoto kawai, ba a ga uwarsa ba, ba a ga takardar allurarsa ba, ana cewa a fara turo kafin alƙalami ta momo, wato tura kuɗi ta waya, wannan ciniki ne da ya kamata kowa ya ja baya da shi.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan tsaya min a rai. Su wa suke saye a wurinki? Matan Zango masu dafa waakye da tuwo da koko. Ranar da magana ta zaga Aboabo cewa kare yana kwana a kan buhunan Hajiya, asarar da za ki yi sai ta fi ta ɓeraye, kuma bayani ba zai dawo da su ba.

Game da halacci, Alhaji ba da ka ya yi magana ba. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba na farauta ba, ba na kiwo ba, ba na gona ba, kullum ana rage masa lada, haka kuma ya inganta cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da wuya a ce Alhaji bai ji ana karanta ta a zaure ba, ta hana riƙon kare a gidajen birni da na ƙauye sai don shuka ko dabbobi ko farautar neman abinci. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai bin umarni ne, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan tsaron gona idan buƙata ta tabbata. Don haka ƙofar ba a kulle take gaba ɗaya ba. Amma izinin a kan buƙata ya rataya, ƙanƙantar kare ba ta canja hukunci, kuma karen da ba zai iya aikin ba ya zama na sha'awa ke nan. Ko an bar fiƙihu a gefe, gidan gado ne, mutane da yawa suke shimfiɗa darduma a tsakar gidan nan, kuma Alhaji ne babba. Ba a shigo da dabba irin wannan gida sai da yardar masu shi.

Inda ban bi Alhaji ba shi ne maganar guba, kuma tsoron da kike ji yana kan hanya, ki riƙe shi. Garin maganin ɓera da ake sayarwa a ƙulle a leda a tasha ko a cikin motar haya ta trotro, ba suna ba takarda, ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Ana cakuɗa shi da abinci a ajiye a ƙasa, daidai inda mai rarrafe yake kai hannu. Kaza ta tsattsaga, akuya ta lasa, kyanwa ta ci mushen ɓeran ita ma ta bi shi. Ɓeran da ya ci kuma yakan je ya mutu a silin ko a bayan buhu, ki wayi gari da ɗoyi a ɗakin abinci. Mafi haɗari duka shi ne ƙwayar nan da ake jefawa a hatsi don kashe ƙwari, mai fitar da iska mai guba idan ta ji laima. Wasu suna sa ta don ɓera. A 2018 yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu a Akra bayan an sa irin wannan magani a ɗakinsu. Sitonki bango ɗaya ya raba shi da ɗakunan kwana, iskar kuma tana bi ta silin da tsagar bango. Ki roƙe su da girman Allah kada kowa ya kawo ta gidan. Kuma ki sanar da matan gidan tun yanzu: in yaro ya haɗiyi wani maganin ɓera, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ko a sa shi amai, a ɗauke shi da ledar maganin a nufi asibitin Manhyia ko Komfo Anokye, ko da yana wasa kamar ba abin da ya same shi, domin wasu magungunan sai bayan kwanaki suke fara tsinka jini.

Yanzu ga aikin da zai fisshe ki. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗakin da ke da abinci da maɓoya da ƙofar shiga, ko an kashe ɓera hamsin yau, wasu hamsin za su taso daga kwatar bayan gida su maye gurbinsu. Saboda haka ki tsayar da rana guda, lokacin da kaya suka yi ƙasa kafin ki sake sari, a fitar da komai waje har tsintsiya. Kada a yi shara a bushe. A fara yayyafa ruwan bilic a ƙasa da kan kashin, a bar shi ya jiƙa, mai aikin ya sa safar hannu ya rufe hanci. Ba tsabta kawai nake nufi ba. Fitsari da kashin ɓera suna ɗauke da cuta, har da zazzaɓin Lassa, wanda aka samu ɓullarsa a Akra a farkon 2023. Duk hatsin da fitsari ya jiƙa ki cire shi daga na sayarwa, ko da zuciya tana ƙuna.

Da ɗaki ya zama wayam, ɗanki ya shiga da rana ya rufe ƙofa ya tsaya cikin duhu. Duk inda ya ga haske yana shigowa, hanya ce. Ɗan ɓera yana wuce kafar da ba ta fi santimita ɗaya da ɗoriya ba, kusu kuwa kafar da fensir zai shiga ta ishe shi. A toshe ramukan ƙasa da na bango da siminti mai ƙarfi, a cusa wayar raga ko fasasshiyar kwalba a ciki kafin a shafe, don kada su sake tonawa yana ɗanye. Tsumma da kwali da katako ɓata lokaci ne. A duba inda bango ya haɗu da kwanon rufi, nan ne babbar hanyar baƙin ɓera kuma nan ne aka fi mantawa: a cike shi da bulo da siminti ko a buga raga mai ƙananan idanu. Haka taga, haka inda bututu ko waya suka ratsa bango. Ƙasan ƙofa kuma a buga masa farantin ƙarfe wanda zai sauko dab da daɓe. Duk mai walda a Suame Magazine zai yanka miki shi, kuma kuɗin wannan aikin gaba ɗaya da wuya ya kamo ƙafar kuɗin kwikwiyon.

In za a mayar da kaya, kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango. A jera su a kan katako mai ƙafa, a bar tazarar da mutum zai iya zagayawa da tocila ta kowane gefe. Na san ɗakin zai ɗauki kaya ƙasa da yadda ya saba, kuma hakan yana nufin sari kaɗan-kaɗan na wani lokaci. Ki daure. Tsohon kaya ya riga fita, kada wani buhu ya yi watanni a lungu ba a motsa shi ba, domin a irinsa suke yin sheƙa. Wake da masarar da za su jima ki zuba su a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan noma, in dai hatsin ya bushe sosai. Yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, kuma da yake ƙamshin hatsi ba ya fita sosai, bai cika jan ɓera ba. Abin da ake awo da shi kullum a juye a duro mai murfi. Kowace yamma a share abin da ya zube kafin a kulle.

Tarkonki kuma bai gaza ba, dabara ce ta rage. Ɓera yana ɗari-ɗari da duk sabon abu, kuma in ya tsallake rijiya da baya sau ɗaya ba ya komawa. Tarko ɗaya ko biyu koya musu wayo kawai yake yi. Ki sayi masu ƙarfe da yawa, goma ko fiye. A barbaɗa garin fulawa ko toka a gefen bango da dare, da safe sawunsu zai nuna hanyar da suke bi. A nan za a ajiye tarkunan, manne da bango, bakin yana fuskantar bangon, wasu kuma a ɗaure su da waya a kan katakon rufi. Kwana uku ko huɗu na farko a sa musu ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi ba tare da an ɗana ba, su ci su saki jiki. Daren da ya biyo baya a ɗana duka gaba ɗaya, a kulle ɗakin saboda yara da kyanwa. Mushen a ɗauka da leda a hannu a binne. Allon gam ɗin nan da ɓera yake mannewa ya kwana yana kuka ba na son shi. Shari'a ta halatta kashe ɓera ko a cikin Harami, amma ta ce a kyautata kisa, ta kuma hana azabtarwa da wuta, don haka ki hana yaran gidan wasan cinna masa kananzir.

Kyanwar ki bar ta, tana da amfaninta a kan kusu da 'ya'yan ɓera, ko da yake kyanwa ba ta cika tunkarar babba ba. Domin in yi wa ɗanki adalci, akwai binciken da aka buga a 2017 daga ƙasar Eswatini, a gidaje 40 na karkara, wanda ya nuna ɓeraye sun rage kai-kawo a gidajen da ke da kare da kyanwa tare, amma ɗayansu shi kaɗai bai kawo bambanci sosai ba. Gidajen ƙauye ne masu fili da karnukan waje, ba ɗakin hatsi a tsakiyar Zango ba. In wata rana kasuwa ta buɗe kika kama babban sito a wajen gida, mai fili da mai gadi, a nan maganar kare za ta iya tasowa, bayan an tambayi malami. Ko a lokacin, ba ɗan ado za a nema ba. Matsakaicin kare ake so, wanda aka ga iyayensa suna aiki, kuma karnukan gida na masu farautar gafiya sun fi na waje jure zafi da kaskar ƙasar nan. A yi masa allura a ofishin likitan dabbobi, a tsakar fili zai zauna, kuma ba a haɗa kare da guba a wuri ɗaya.

Saura mutanenki biyu, kuma ina ganin wannan ne ya fi hana ki barci. Ki dubi ɗanki da idon rahama. Saurayi ne da ya gama karatu yana zaune, yana kallon mahaifiyarsa tana asara, mahaifinsa ba ya raye. Ya tashi ya nemo mafita da abin da ya iya, aka watsa masa ƙasa a ido a gaban mutane. Zafin da ya ji ba na kare ba ne kawai. Amma mayar wa wan mahaifinsa magana kuskure ne, kuma ke ce za ki gaya masa haka, ku biyu, ba a tsakar gida ba. Ki fara da yaba masa, ki ce kin ga shi kaɗai ne ya ɗauki damuwarki ta zama tasa. Sannan ki nuna masa dalilan nan, ki bar shi ya bincika da kansa, tunda mai bincike ne: ya duba nauyin karnukan da ke cikin bidiyon, ya duba na wanda ake son sayar masa. In ya gano da kansa ba zai ji an kayar da shi ba. Daga nan ki damƙa masa aikin ɗakin baki ɗaya, shi zai nemo magini da mai walda, shi zai riƙe lissafi, shi zai kula da tarko, kuma ki yanka masa lada kamar yadda za ki biya bare. Idan ya iya wannan aiki da kyau, masu sito a Aboabo da Asawase da ke kuka da ɓera ba su da iyaka, kuma yaron da ya san yadda ake toshe ɗaki ba tare da guba ba zai samu masu kiransa.

Sharaɗin shi ne ya je ya durƙusa ya ce, “Baba, na yi kuskure, a yafe min.” Ba dogon bayani, ba kare kai. In kin san bakinsa zai kufce, ki haɗa shi da gwaggonsa ko limamin masallacinku. Amma ke ki riga shi zuwa. Ki samu Alhaji a lokacin da yake cikin natsuwa, ki ce, “Yaya Alhaji, maganar kare ta wuce, mun bi umarninka. Guba ce nake jin tsoro saboda jikokinka. Ga abin da nake son yi, ina neman izininka da taimakonka.” Dattijon da ya rantse a gaban iyalinsa yana buƙatar ya ga maganarsa ta tsaya, kuma da zarar ta tsaya, sauran yakan zo da sauƙi. Kada ki ɗauki tsaurinsa a matsayin ƙiyayya. Mai yiwuwa shi ma yana jin nauyin amanar ƙaninsa ne, yana tsoron a ce gida ya lalace a hannunsa.

Kuma taimakonsa kina buƙatarsa da gaske, ba don lallashi kawai ba. Ɗakin na gado ne, ba za a taɓa bango da ƙofa ba sai da saninsa. Ɓerayen ma ba hatsinki kaɗai suke ci ba: akwai ragowar tuwo da ake bari a tukunya, da kwanukan da suke kwana ba a wanke ba, da kwandon shara marar murfi, da dusar awaki, da tarkacen da aka jibge a lungu. Ke ba za ki iya kafa wa matan gidan doka ba tare da an ce kin cika iyayi ba, shi kuwa kalma ɗaya zai yi. In kwatar bayan gida ta toshe, shi ne zai tara maƙwabta a yi gayya, ko ya kai magana wurin 'yan tankas, masu duba tsabta na ƙaramar hukumar Asokore Mampong. Ita kuma mai waakyen da ta dawo da kaya, ki taka da kanki ki ba ta haƙuri, ki musanya mata, in an gama gyara ki gayyace ta ta ga ɗakin da idonta.

Bayan mako uku ko huɗu a sake barbaɗa fulawa a kwana. In an tashi ba sawu, sai a ci gaba da shara da duba tarko lokaci-lokaci, musamman farkon damina da ruwa yake koro su daga kwata. In an ga sawu, akwai kafar da ta tsere muku, kuma a fara nemanta daga sama. Idan an yi duk wannan abin ya ƙi, sai a kira mai feshi da ke da lasisin hukumar kare muhalli, ya sa magani mai rajista a cikin akwati mai makulli a bayan ɗakin, shi zai ajiye shi kuma zai dawo ya kwashe, kuma a gaya wa kowace uwa a gidan inda aka sa. Allah ya mayar miki da abin da kika rasa, ya daidaita tsakanin Alhaji da ɗansa. Ki rubuto min in ji yadda aka kwana.